Ƙwai Biyu a Kwanon Ama

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai, irin wadda ke maƙalewa a lungun ɗaki da littafi a cinya har shinkafa ta kama a tukunya. Ban taɓa rubuta labari ba. Amma abin da yayata ta yi ranar da baƙinmu suka zo ya ƙi barina in zauna lafiya, ita kuma ba za ta taɓa ba da labarin da bakinta ba. In kun ga kuskure, nawa ne, ba nata ba.

Sunana Ruolan. Ni da yayata Peishan mun tashi a hannun kakarmu, wadda muke kira Ama, a wani siririn lungu da ke bayan Titin Yamma a birnin Quanzhou. Yaya Peishan jagorar masu yawon buɗe ido ce. Kullum da safe takan ɗaura ƙaramar lasifika a ƙugu, ta ɗauki jar tutarta, ta zagaya da baƙi tsofaffin haikalan birni, ta ƙarasa da su wajen masu abinci kafin rana ta take. A gida ba ta da yawan magana. Amma da zarar ta ɗaga tutar nan, har tsayinta ƙaruwa yake yi.

A wajen aikin ne ta haɗu da Dongsheng, mai gyaran injinan jiragen ruwa, ɗan birnin Harbin da ke can ƙurewar arewacin ƙasarmu. Suka daidaita, suna son aure. Ama ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba, a gidanmu kuwa in Ama ba ta ce e ba ko kujera ba a gusarwa. Yaya ta riga ta faɗa wa Dongsheng cewa ba za ta aure shi ba sai da yardar tsohuwar da ta raine ta.

"Garin da ruwa ke daskarewa a bakin famfo," in ji Ama. "Me za ki ci a can, ƙanƙara?"

"Mutane ne a can, Ama, suna girki kamar kowa."

"To a kawo mini uban. In na ga zamansa a teburina zan san irin gidan da za ki."

Da haka Baffa Gao, mahaifin Dongsheng, ya hau jirgin ƙasa ya zo. Yaya ba ta samu hutun aiki ba a ranar, sai ta ce shi da Dongsheng su shiga ayarinta na safe su ga gari, daga nan ni in kai su gida, ita ta raka sauran baƙin wajen motarsu ta biyo mu.

Baffa Gao ƙaton mutum ne, tsohon direban jirgin ƙasa, muryarsa kamar yana magana daga cikin randa. Ya zo da kwat mai kauri a cikin zafin garinmu, ya ƙi cirewa, wai ba a zuwa gaban surukai da shimi. Da aka ce masa ni ce mai karatun gidan, sai ya raɗa mini suna ƙaramar malama. Na rasa inda zan sa idona.

A ƙofar haikalin Kaiyuan Yaya ta tsayar da ayarin ta faɗi abin da take faɗa kullum. Ba a shiga ta ƙofar tsakiya. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. Turaren wuta da hannun hagu ake kafa shi. Sauran baƙin suna ta ɗaukar hoto, rabinsu ba su ji ba. Baffa Gao kuwa ya tsaya ƙyam kamar soja yana maimaitawa a hankali.

"Ƙaramar malama, wace ƙafa zan fara jefawa?"

"Kowacce, Baffa, muddin ba ka taka ba."

Ya ɗaga ƙafa kamar zai ƙetare kwata, ya sauke a ciki, ya juyo yana dubana ko ya ci jarrabawa.

Na sha bin Yaya wannan zagaye, amma ban taɓa jin ta kamar ranar ba. A ƙarƙashin tsofaffin ceɗiyoyin farfajiya ta nuna hasumiyoyin dutsen nan biyu, ta gabas da ta yamma, ta ba da labarin girgizar ƙasar da ta rushe gidajen birni ta bar su a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, amma har mutanen wani ayarin suka baro nasu jagoran suka matso. Dongsheng yana ta murmushi kamar shi ya gina hasumiyoyin.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga," in ji ubansa. Sai ya rage murya, "Ka iya zaɓe, ɗan nan. Saura mu kada mu ɓata maka."

Muka bi ta gaban tsohon masallacin dutse, muka shiga haikalin Guan Di inda hayaƙin turare ya sa kowa hawaye, muka ƙarasa na Mazu, uwar masu shiga teku. A nan Baffa Gao ya daɗe a durƙushe har Yaya ta fara duba agogo. Da ya miƙe ya ce mini, "Na roƙa a sassauta zuciyar kakarki. An ce mata sun fi jin maganar mata."

Daga nan sai wajen abinci, wanda shi ne ƙarshen zagayen. Aka kawo romon taliyar nan tamu mai sirantaka kamar zare, da jatan lande a ciki. Aka kawo agwagwa da citta a kaskon ƙasa, da dunƙulen shinkafa a ganye, da romon gyaɗa mai zaƙi. Yaya ta ce kowa ya ɗanɗana kaɗan kaɗan. Baffa Gao da ɗansa ba su san kaɗan ba. Duk abin da aka ajiye a gabansu sai sun ga gindin kwano, kuma na lura tsohon yana ɓata fuska in ya ga wani baƙo ya ture abincinsa rabi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Lokacin da muka kama hanyar gida, yana tafe yana numfashi sama-sama.

Ama ta sa rigarta ta bikin sabuwar shekara, ta soke fure a gashi. Maƙwabciyarmu Goggo Cai tana nan, wai ta zo aron rariya, alhali ita ma ta ci ado. Ama ba ta jin yaren hukuma da baƙin ke yi, su kuma ba sa jin yarenmu na kudu, don haka ni ce bakin kowa. Tun da sassafe ta ja mini kunne.

"Gaisuwa kawai za ki fassara. Kada ki kuskura ki raɗa musu yadda ake yi. Abin da suka zo da shi daga gidansu nake son gani, ba abin da kika cusa musu a hanya ba."

Aka gaisa, aka sha shayi. Sai Ama ta shiga madafa ta fito da kwanuka biyu, kowanne da dafaffen ƙwai biyu a cikin ruwan sukari da jar magarya. Haka ake tarbar mai neman aure da danginsa a wajenmu. Baƙo yakan ci ƙwai ɗaya, ya raba ɗayan gida biyu da tsinken cin abinci, ya bar shi a kwano. Ma'anarsa ya ƙoshi, kuma bai zo ya kwashe duk abin da gidan yake da shi ba. Ban san ranar da aka koya mini wannan ba. Ban ma taɓa ɗaukarsa al'ada ba, a ganina haka ake cin ƙwai. Ina jin shi ya sa Yaya, wadda ta ɓata safiya guda tana koya wa baƙi dokin ƙofa da hannun hagu, ko kusa bai zo mata a rai ba.

Baffa Gao ya karɓi kwanon da hannu biyu. Ya ci na farko. Ya ci na biyu. Ya tsince magaryar, ya shanye ruwan, sannan ya karkata kwanon ya nuna wa Ama cikinsa, fuskarsa cike da fara'a. Dongsheng ya yi yadda ubansa ya yi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kin gani ko, Cai?" in ji Ama da yarenmu, tana yi wa baƙin murmushi. "Ko ɗigo. Da kwanon ana taunawa, da ya tafi."

"Wataƙila ba su karya ba," in ji Goggo Cai. "Mutum mai wannan girma, ƙwai biyu ai ko haƙorinsa ba su taɓa ba."

"A gidana za a ce baƙo ya tashi da kwano a bushe? Bari in ƙara musu. Ko jaki ne, in ya ƙoshi zai bar saura."

"Me kaka ta ce?" Baffa Gao ya tambaye ni.

"Ta ce... ta ce sannunku da hanya."

Kwanuka biyu suka sake fitowa, ƙwai bibbiyu. Na ga Dongsheng ya dubi nasa kamar an ajiye masa dutse. Ya matsa kusa da ubansa.

"Baba, ba zan iya ba. Agwagwar nan tana nan a maƙogwarona."

"Ci, ɗan nan," in ji tsohon ta gefen baki. "Tsohuwa ta tsaya a gaban wuta saboda mu. Ka bar mata abinci a kwano, ka ce mata girkinta ba daɗi ke nan? Haka uwarka ta koya maka? Ko fashewa za ka yi, ka fashe a waje, bayan an ba mu yarinya."

A nan na gane. Su a wajensu kwanon da aka share shi ne girmamawa. Ita tana ƙara musu don su bar saura, su kuma suna sharewa don kada su ci mata fuska, kuma duk ɗakin ni kaɗai ce nake jin ɓangarorin biyu. Na buɗe baki. Ama ta dube ni, kallo ɗaya, na rufe.

Suka ci. Gumi yana tsiyaya daga goshin Baffa Gao zuwa wuyan kwat ɗinsa. Ya sassauta bel a ɓoye a ƙarƙashin tebur, ya haɗiye na ƙarshe da ƙyar, ya sake karkata kwano. Wannan karon Ama ba ta yi murmushi ba.

"Shi ke nan," ta ce wa Goggo Cai. "Mutanen da ba sa barin ƙwai a kwano, jikata za su bar mini? In suka tafi da ita ko a sabuwar shekara ba zan ƙara ganinta ba. Sau ɗaya zan ƙara, don kada a ce ban yi adalci ba. In suka share, a raka su ƙofa." Ta juyo kaina. "Ƙwai ya ƙare. Je gidan Cai ki ɗebo."

Na fita, na ɗebo ƙwan a gaban rigata, na miƙa wa Ama a ƙofar madafa. Maimakon in koma in zauna, sai na zame na ruga bakin lungu. An hana ni gaya wa baƙi, amma ba a hana ni gaya wa yayata ba, haka na riƙa faɗa wa kaina ina gudu. Na ci karo da ita tana tahowa, tuta a kafaɗa, lasifika a ƙugu, fuskarta ta yi ja da rana. Na zayyana mata komai a hargitse, ina haɗa farko da ƙarshe.

Ta tsaya cak. Ta dafa goshi.

"Ƙwai," ta ce. "Na koya musu ƙofar haikali uku, na manta da ƙwan gidanmu."

"Ama ta ce kada a raɗa musu, Yaya."

"Na ji. Ba zan yi komai a ɓoye ba."

Muka shiga daidai lokacin da kwanuka na uku suka sauka a tebur. Baffa Gao ya ɗauki tsinkensa kamar mai shirin shiga rami. Ama ta harɗe hannu a ƙirji. Yaya ba ta cire takalmi ba ma. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ɗaga jar tutarta, ta murɗa lasifika.

"Jama'a, a matso kusa, a ajiye tsinke tukuna," ta ce da yaren baƙi, da muryar nan tata ta aiki. "Mun iso wuri na ƙarshe a zagayenmu na yau, wanda ya fi duk sauran wuyar shiga. An kafa shi tun kafin a haife ni, kuma girgizar ƙasa ba ta taɓa motsa shi ba."

Ta maimaita da yarenmu.

"Wa kike kira tsohon gini?" in ji Ama. "Kashe abin nan, maƙwabta na ji."

"Su ji, Ama. Kin hana a yi raɗa, to ga shi a fili." Ta koma kan baƙin. "A wannan gida ana ba mai neman aure ƙwai biyu. Yakan ci ɗaya, ya raba ɗaya ya bari. In ya cinye duka, mai gida za ta ɗauka ko dai yunwa ta bar shi da ita, ko kuma shi mutum ne da ba ya barin komai ga kowa. Laifina ne da ban faɗa muku a hanya ba."

Tsinken ya kuɓuce daga hannun Baffa Gao. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

Yaya ta juya tutar ta nuna su, ta koma yarenmu. "A wannan ɓangaren kuma, Ama, ga mutanen Harbin. A garinsu sanyi yana da tsawo, abinci ba abin wasa ba ne. In mace ta dafa maka abu ka bar saura, kamar ka mare ta ne a gaban mutane. Waɗannan biyun da kike gani sun ci romon taliya, sun ci agwagwa, sun ci dunƙulen shinkafa, sun sha romon gyaɗa, da idona na gani, kafin su tako ƙofarki."

Lasifikar tana ƙara kaɗan kaɗan. Yaya ta kashe ta. Tutar kuwa ba ta sauke ta ba.

"Wato ba yunwa suke ji ba," in ji Ama a hankali.

"Cikinsu ya kusa fashewa."

"Amma suka ci gaba da ci."

"Don kada ranki ya ɓaci."

Goggo Cai ce ta fara dariya. Ta toshe baki da rariyar da ta zo aro, kafaɗunta suna girgiza. "Kin kusa kashe surukai da ƙwaina, 'yar'uwa. Da sai a ce kajina ne suka yi kisan."

"Yi mini shiru, ke da ba a gayyace ki ba."

Baffa Gao ya miƙe tsaye, ya sunkuya wa Ama har kansa ya kusa taɓa tebur. Ya zauna, ya ɗauki tsinke, ya nufi ƙwan da zai raba. Ƙwan ya zille. Ya sake kamawa, ya sake zillewa, yana zagaya kwano kamar kifi. Ba wanda ya taimaka masa. A ƙarshe ya danne shi a gefe ya raba, rabi babba rabi ƙarami, ya ɗago ya dubi Yaya.

"'Yata, ɗayan fa? Dole sai na ci shi?"

Yaya ta fassara. Bakin Ama ya ɗan motsa, ta danne.

"Ce masa ya bar shi, na yafe. Amma ki tambaye shi wannan, kuma ki fassara daidai, ba irin fassarar ƙanwarki ba." Ta gyara zama. "Jikata a nan ta tashi. In ta je gidansu ta bar saura a kwano, don haka aka koya mata, me za a yi mata? Za a ce ba ta da tarbiyya?"

Yaya ta faɗa masa, muryarta ta yi ƙasa. Tsohon ya goge gumi da hankici.

"Ki ce wa kaka, matata ta rasu, gidan babu mai saka doka sai ni. In yarinya ta bar saura zan san ladabi ta yi mini irin na gidansu. Abin da ta bari kuma ba zai lalace ba, ga ni. Kaka ta ga aikina da idonta." Ya dafa cikinsa. "Kuma ki ce mata ni direban jirgi ne. Layin da ya kai ta can, shi ne yake dawowa nan. Duk sabuwar shekara da kaina zan sa su a jirgi."

Ama ta saurara har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon rabin ƙwan nan a kwano. Sannan ta dubi Dongsheng, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba don tsoron kada ya buɗe baki wani abu ya fito.

"Wannan yana magana kuwa, ko ci kawai ya iya?"

"Yana yi, Ama."

"To ya faɗa mini shekarar da aka haife shi, da wata, da rana, da sa'a. Gobe zan kai haikali a haɗa da naki a duba mana ranar biki. Kuma ba da sanyi ba. Ba zan je garin da hancina zai karye ba."

Yaya ba ta fassara ba. Ta tsaya kawai da tutarta, hawaye yana bin kumatunta, ita da take magana a gaban mutane fiye da ɗari ba ta rasa kalma. Dongsheng ya dube ta, ya dubi Ama, ya gane ba tare da an gaya masa ba. Baffa Gao ya cire kwat ɗinsa a karo na farko a ranar, ya rataye a bayan kujera. Goggo Cai ta leƙa taga tana gaya wa duk lungu, Ama tana ce mata ta rufe baki, tana kuma umartar a dafa shayi mai ɗaci don cikin surukai.

Ban taɓa alfahari da kowa kamar yadda na yi da yayata a lokacin ba. Na san in na ƙara minti ɗaya zan yi kuka a gaban baƙi, kuma wani zai tuna ya tambaya wa ya kai wa Yaya labari. Sai na tattara kwanukan da aka share, na bi ta bayan kujerar Ama a hankali, na ajiye su a madafa, na haye sama kafin kowa ya waiwayo.